Allurar baya ko allurar barci: wacce ta fi aminci ga matar da za a ciro wa jariri?

"Assalamu alaikum Likita. Ina zaune a Agege, ina harkar kayan gwari a kasuwar Mile 12. Maiɗakina tana da ciki wata takwas, haihuwa ta uku. Biyun farko da kanta ta haife su. Wannan karon a wajen awo an ce jaririn a gicciye yake, jininta kuma yana ɗan hawa, don haka an sa mata ranar aiki. Sun ce allurar baya za a yi mata. Mahaifiyarta ta ce kada mu yarda, wai tana barin mace da ciwon baya har tsufa, wata ma ƙafafunta shanyewa suke yi. Ni kuma allurar barci nake tsoro, don akwai maƙwabcinmu da aka shiga da shi aikin ƙaba bai farka ba. Wacce za mu zaɓa?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya sauke ta lafiya. Idan na fahimce ka, tsoro biyu ne suka sa ku a tsakiya: surukarka ba ta yarda da allurar baya ba, kai ba ka yarda da ta barci ba, rana kuma tana ta matsowa. Aikina ke nan a nan Legas, in sa mutum barci ko in kashe masa sashen jiki don a yi masa tiyata, in kuma tsaya a kansa har ya dawo hayyacinsa. Ga matar da za a ciro wa jariri, muddin babu wani dalili da ya hana, allurar baya ta fi aminci, kuma ita zan zaɓa wa ƙanwata. Sai dai akwai abin da ya fi zaɓin allura nauyi, wato wanda zai yi ta, da kayan da ke hannunsa idan al'amari ya rikice, da wanda zai lura da maiɗakinka a daren farko. Ban ga maiɗakinka ba, ban ga katin awonta ba, don haka abin da zan faɗa zai taimake ku ne wajen magana da likitocinta, hukuncin ƙarshe kuwa yana wurin wanda ya duba ta.

Me ya sa ba ma gaggawar sa mai ciki barci

Allurar barci ba allura ɗaya ba ce. Akwai maganin da muke turawa ta jijiyar hannu, kafin minti ɗaya mutum ya tafi. Sai a bi shi da wani da ke sassauta dukkan naman jiki, har da naman da mutum ke numfashi da shi. Daga nan numfashinsa ya dawo hannunmu: za mu zura roba ta baki zuwa maƙogwaro, na'ura ta riƙa hura masa iskar oksijin haɗe da iskar da ke riƙe shi cikin barcin. Tun 1846 da aka fara nuna fasahar sa barci don tiyata a birnin Boston na Amurka ake gyara ta, kuma yau ga mai lafiya a hannun gwani abu ne mai aminci ƙwarai.

Mai tsohon ciki kuwa jikinta ya sauya ta fuskokin da suka shafi wannan aiki kai tsaye. Hanyar numfashinta tana ɗan kumbura, ta mai hawan jini ta fi kumbura, sai zura robar ya yi wuya fiye da yadda aka saba. Mahaifa ta turo huhu sama, ajiyar iskar da ke cikinsa ta ragu, ga shi jikinta na cin oksijin na mutum biyu. Namiji mai lafiya da aka cika wa huhu da oksijin zai iya ba mu 'yan mintoci muna neman hanya. Ita nata lokacin gajere ne sosai. Sannan bakin tumbinta ya saki, shi ya sa ƙwannafi ke damun masu ciki. Idan ta yi barci, abin da ke cikinta yana iya tasowa ya gangara huhu ya ƙona shi. Wani likita a New York mai suna Mendelson ya bayyana wannan a 1946, kuma a kan mata masu haihuwa ya gan shi. Ƙari a kan haka, wani kaso na maganin barcin yana isa ga jariri, iskar barcin kuma tana sa mahaifa ta yi sanyin tsukewa bayan an ciro shi, jini ya fi zuba. Ga mai hawan jini akwai wani kuma: lokacin zura robar jini yana iya harbawa sama farat ɗaya, abin da muke tsoro a nan shi ne fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa.

Allurar baya tana kauce wa kusan duk wannan. Za ta zauna a bakin gado ta rungume matashi, ta sunkuyar da kai, ta turo baya. Za ta ji sanyin maganin goge fata. Ina laluba saman ƙasusuwan ƙugunta da hannu biyu, in ja layi zuwa tsakiyar baya, a nan nake shiga, tsakanin ƙashi da ƙashi. Lakar babban mutum tana ƙarewa ne sama da wannan wurin. Abin da ke ƙasa jaka ce mai ruwa da jijiyoyi ke yawo a ciki. Da na ga ɗigon ruwan, garau, a gindin allurar, sai in tura maganin, wanda yawansa kusan rabin ƙaramin cokalin shayi ne. Kafin a gama kwantar da ita za ta ce ƙafafunta sun yi ɗumi, sai su yi nauyi, sai mutuwar jikin ta hau har ƙasan nono. Tana numfashi da kanta, tana magana, za ta ji ana ja ana dannawa amma ba zafin yanka ba, za ta kuma ji kukan ɗanta. Cikin awa 2 zuwa 4 ƙafafun za su fara dawowa.

Maganar surukarka

Kada ka yi watsi da maganar Hajiya, akwai inda ta samo ta. Allurar baya tana da nata matsaloli, sai dai waɗanda mutane suka fi tsoro ba su ne suka fi faruwa ba.

Wanda muke gani kusan kullum shi ne faɗuwar jini, wato akasin hawan jini. Maganin yana sa jijiyoyin jini na rabin jiki su buɗe, kamar a sauya wa famfo bututu da mai faɗi, ƙarfin ruwan ya ragu. Mace za ta ce tana jin jiri ko tashin zuciya, wata ta fara hamma ba ƙaƙƙautawa. Shi ya sa ba ma taɓa baya sai an sa ƙarin ruwa yana tafiya, an karkatar da ita kaɗan zuwa hagu don nauyin ciki ya sauka daga kan babbar jijiya, an kuma zuƙo maganin ɗaga jini a sirinji an ajiye kusa da hannu. A mintocin farko ina auna jininta duk bayan minti ɗaya ko biyu. Idan da mai lura, wannan abu ne da ake gyarawa nan take. Idan babu, yana kisa. Haka nan wani lokaci maganin yakan hau sama fiye da yadda ake so, hannaye su fara mutuwa, murya ta yi ƙasa, numfashi ya yi nauyi. Maganinsa a taimaka mata da numfashi a riƙe jininta har ƙarfin allurar ya sauka, kuma a nan ne ake gane bambancin wanda ya koyi aikin da wanda ya koyi soka allura kawai. Wani jikon kuma allurar ba ta kamawa sosai. Sai a sake, ko a koma ta barci. Ba a fara yanka sai an gwada, kuma tana da damar cewa tana jin zafi a kowane lokaci.

Akwai ciwon kai na musamman da ke zuwa bayan kwana ɗaya zuwa uku. Alamarsa ba ta ɓuya: idan ta tashi zaune ko tsaye kai ya sara, idan ta kwanta ya lafa. Ruwan nan ne ke ɗiga ta hudar da allura ta bari. August Bier, likitan Jamus da ya fara allurar baya a 1898, shi da mataimakinsa sun gwada a jikinsu, kuma dukansu sun sha wannan ciwon kan. Allurar yanzu siririya ce ƙwarai, shi ya sa abin ya ragu sosai. Yawanci yana warkewa cikin mako ɗaya ko biyu da hutu da shan ruwa da maganin ciwo. Idan ya ƙi, ana ɗibar jinin mai shi kaɗan a zuba a bayan ya toshe hudar.

Ciwon baya fa? Wurin da aka soka zai yi tsami na 'yan kwanaki, wannan gaskiya ne. Amma ciwon bayan da ke bin mace wata da watanni bayan haihuwa, binciken da aka yi bai nuna allura ce ke kawo shi ba. Waɗanda suka haihu ba tare da ita ba ma suna fama da shi. Ciki ya sassauta gaɓoɓin ƙugu, naman ciki ya saki, ga goyo, ga sunkuyon wanki da shayarwa a zaune ba jingina. A gidajen haya na Agege, inda mai jego ke ɗauko bokitin ruwa zuwa bene kafin ta yi arba'in, ba sai an nemi wani dalili ba. Abin da ke faruwa shi ne mace tana tuna ranar da aka taɓa bayanta, duk ciwon da ya biyo baya sai a ɗora wa ranar.

Shanyewar ƙafa ba zan ce ba ta taɓa faruwa ba. Tana faruwa idan jini ya taru ya danne jijiya, ko ƙwayar cuta ta shiga, ko aka soka sama da inda ya dace. Wani babban bincike da aka fitar a Birtaniya a 2009 ya kiyasta lahani na dindindin daga irin waɗannan allurai tsakanin mutum 1 cikin 24,000 zuwa 1 cikin 54,000, kuma a masu haihuwa abin ya fi haka ƙaranci. Alƙaluman can ne, inda kayan aiki da horo suka wadata, amma sun nuna cewa idan an bi ƙa'ida abin ba kasafai ba ne. Cikin ƙa'idar har da sanin wadda ba za a yi wa ba: wadda ke zubar da jini sosai, wadda ke shan maganin tsinka jini mai ƙarfi, mai ƙurji ko maruru a wurin, mai wasu cututtukan zuciya, da wadda hawan jinin ciki ya cinye mata ƙwayoyin da ke daskarar da jini. Wannan na ƙarshe ya shafe ku. Ka tabbata an yi mata gwajin jini dab da ranar aikin, ba wanda aka yi wata guda baya ba, domin a masu hawan jinin ciki waɗannan ƙwayoyi suna iya faɗuwa cikin kwanaki. Idan sun yi ƙasa sosai, ni da kaina zan ce barci za a sa ta, kuma a ranar ita ce mafi aminci.

Wanda bai farka ba

Allah Ya jiƙan maƙwabcinku. Ba na wurin, ba zan ce ga abin da ya same shi ba. Amma kalmar "bai farka ba" tana rufe abubuwa daban-daban, kuma da wuya a ce maganin barci ne kawai ya yi yawa. Mafi yawanci ko dai hanyar numfashi ta toshe ba a lura da wuri ba, ko amai ya shiga huhu, ko akwai ciwon zuciya ko hawan jini da ba a gano ba kafin aiki, ko jini ya zuba babu na ƙari, ko jiki ya yi mummunan ƙin wani magani. Akwai kuma wani ciwo na gado da ba kasafai ba, inda wasu magungunan barci ke sa zafin jiki ya harba naman jiki ya sandare. Shi ya sa muke tambaya ko wani a dangi ya taɓa samun matsala a tiyata.

Kusan duk waɗannan ana kama su da wuri idan akwai mutum ɗaya da ba shi da wani aiki sai kallon majiyyaci. Ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya ta ce ya kamata a samu aƙalla likita 5 ga kowane mutum 100,000. A Najeriya ba mu kai 1 ba, wasu kuma kullum ficewa waje suke yi. Ma'aikatan jinya da suka yi horo na musamman kan sa barci su ke ɗauke da kaso mai yawa na aikin, kuma na yi aiki da waɗanda zan damƙa wa iyalina ba tare da ɗar ba. Inda nake jin tsoro shi ne ɗan asibitin lungu da mutum ɗaya ne zai soka allurar baya ko ya tura maganin barci na ketamin, ya zagaya ya ɗauki wuƙa, ya bar wata yarinya da ba ta da horo a wajen kai. Legas cike take da irinsu, kuma arharsu ke jan mutane.

Wani binciken da aka yi a ƙasashen Afirka 25, har da Najeriya, aka buga a 2018, ya gano cewa majiyyatanmu sun ninka matsakaicin duniya sau biyu wajen mutuwa bayan tiyata, alhali sun fi ƙuruciya. Kuma yawancin mutuwar ba a kan gadon tiyata take faruwa ba, a kwanakin da ke biye ne, a ɗakin kwanciya. Wannan ya yi daidai da abin da nake gani. A ɗakin tiyata mutum huɗu ko biyar ne a kan mace ɗaya. Da tsakar dare a ɗakin masu jego nas ɗaya ce a kan mata da yawa.

Don haka kafin ranar, ka je kai da ita ku nemi ganin wanda zai yi allurar. Ka tambaya ko zai tsaya a kanta tun farko har ƙarshe. Ka tambaya ko akwai ɗan maƙalen nan da ake sa wa a yatsa yana auna oksijin yana ƙara, da tukunyar oksijin ta ajiya, da janareta da ke tashi idan an ɗauke wuta. Ka tambaya ko za a tanadi jini da ya dace da nata kafin a fara, da inda za su tura ta idan abu ya fi ƙarfinsu. Asibitin kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Idan na kuɗi ne, ka duba ko yana da rajista da HEFAMAA, hukumar jihar Legas mai sa ido kan asibitoci. Mai hawan jini da jariri a gicciye, ni dai zan fi so ta haihu a babban asibitin gwamnati ko na koyarwa, irin LASUTH da ke Ikeja ko LUTH da ke Idi-Araba, ko wani na kuɗi mai irin wannan tanadi, duk da layi da jira.

Abin da ke hannunku

Na farko shi ne harshe, kuma mutanenmu a nan ba sa ɗaukarsa da muhimmanci. A allurar baya mace a farke take, bakinta na cikin abubuwan da nake aunawa da su. Idan ba ta jin Turanci ko Yarbanci ko buroka, ma'aikatan kuma ba sa jin Hausa, wa zai gane idan ta ce hannunta ya fara mutuwa? Ga kuma kunya da dauriya da aka tarbiyyantar da matanmu a kai: za ka ga mace ta cije leɓe, gumi na karyo mata, ka tambaye ta ta ce "ba komai". Ku nemi asibitin ya samo mai jin Hausa a ranar, ko ku koya mata 'yan kalmomin da za ta faɗa: zafi, jiri, amai, numfashi. Ka gaya mata da bakinka cewa a wurin nan dauriya ba abin yabo ba ce.

Sai maganar ciki. Ƙa'ida ita ce awa 6 babu abinci, idan mai nauyi ne ko mai maiƙo awa 8, ruwa zalla kuma ana iya sha har awa 2 kafin aiki, sai dai idan likitanta ya ce wani abu daban. Kunu da koko da fura da shayi mai madara duk abinci ne a wurinmu. Wannan ya shafi mai allurar baya ma, tunda ana iya komawa barci a tsakiyar aiki. Na sha ganin uwa ta ɓoye dabino a gefen zani ta miƙa wa ɗiyarta a kan hanyar shiga, don tausayi, wai kada ta shiga da yunwa. Ku yi addu'a, ku yi tofi; idan akwai rubutu a sha shi tun da wuri, kuma in an haɗa shi da wani saiwa ko gari a faɗa mana. Idan ta ci wani abu, ta faɗi gaskiya. Ɗage aiki da 'yan awoyi ya fi a kwana ana fama da huhu.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Duk abin da take sha a kawo shi a leda a nuna: maganin hawan jini, asfirin da ake ba wasu masu ciki, jiƙo, tsimi, haɗin sauƙaƙa naƙuda, kayan mata. Wasu suna tsinka jini, wasu suna taɓa bugun zuciya, da yawa kuma ba mu san abin da ke cikinsu ba. Kada ta daina maganin hawan jininta da kanta; ta tambaya wanne za ta sha da safiyar aikin da kurɓin ruwa. Idan tana da sikila ko asma ko ciwon suga, ko wani magani ya taɓa sa mata kumburi ko ƙuraje, a faɗa. Wannan ya shafi maza ma: mai shan tiramol ko kodin da ya ɓoye mana, maganin ciwon da muka lissafa masa ba zai ishe shi ba. Ba mu da alaƙa da 'yan sanda, lissafin magani muke yi.

Ranar da aka sa ba alkawari ba ce, naƙuda tana iya rigan ta. Jaririn da ke gicciye ba ya fitowa ta hanya, kuma idan faya ta fashe cibiya tana iya rigan shi fitowa. Da ta ji ciwon mara, ko ruwa ya zubo, ko ta ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi da zafi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, a tafi asibiti nan take, kada a ba ta komai ta ci. Ka san yadda hanyar Agege zuwa Ikeja take da safe da yamma, ka kuma san kai tun asuba kana Mile 12. Ka tanadi mai mota da wanda zai raka ta. Ita baliga ce, sa hannunta a takardar amincewa ya wadatar. Ka faɗa mata da mahaifiyarta tun yanzu cewa ka yarda, kada a tsaya jiranka kana cikin cunkoso.

A daren farko a samu mace mai hankali ta kwana da ita idan asibitin ya bari, ta riƙa duba ƙyallen jini, ta lura ko tana yawan barcin da ba a iya tashinta, ko numfashinta ya sauya, ko jakar fitsari ba ta taruwa. Idan awa 4 ta wuce ba ta iya ɗaga ƙafa ba, ko ƙafar ta dawo sannan ta sake mutuwa, a kira likita a lokacin, kada a bari sai zagayen safe. Bayan an sallame ku hawan jinin ciki bai gama ba, jijjiga tana iya zuwa ko bayan haihuwa da kwanaki, don haka a ci gaba da awon jini da shan magani. Kunun kanwa a ɗaga mata shi, gishirinsa bai dace da mai hawan jini ba, ruwan wankan jego kuma ya zama mai ɗumi, kada a yaɓa tafasasshe a kan ɗinki. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko ciwon baya mai ƙaruwa tare da raunin ƙafa, ko kumburin ƙafa ɗaya, ko sarƙewar numfashi, duk na komawa asibiti ne a ranar, a kuma gaya wa wanda ya karɓe ku cewa allurar baya aka yi mata da ranar da aka yi.